Macen bogi a farautar elk da baka: inda take aiki da inda take ɓata farauta

Wani ƙanenmu da aiki ya kai birnin Denba na jihar Kolorado ya aiko da tambaya. Ya yi kwas ɗin mafarauta, ya yanki lasisi, hannunsa ya faɗa a harbi da baka, kuma ya iya busa kukan elk daidai gwargwado. Damuwarsa ita ce bijimi, wato namijin elk, yana amsa masa, yana tahowa, amma da ya rage kamar yadi 70 ko 80 sai ya toge, ya yi ta kallo, daga nan ya juya abinsa. Abokansa sun ba shi shawarar ya sayi mutum-mutumin macen elk, wato macen bogi. Yana so ya san ko abin yana aiki, ko kuwa asarar kuɗi ce da ƙarin kaya a gadon baya.

Ƙanena, yana aiki, amma aiki ɗaya tak ya iya, kuma shi ne daidai matsalar da ka kawo. Macen bogi ba ta kiran elk daga nesa, ba ta gyara busar da ba ta yi kyau ba, ba ta kuma rufe warin jikinka. Abin da take yi shi ne ta nuna wa idon bijimi abin da kunnensa ya riga ya ji, ta kuma ɗauke idon nasa daga kanka a lokacin da za ka ja tsirkiya.

Saboda 'yan uwa na gida da ba su taɓa ganin dabbar ba: elk dangin barewa ne mai ƙaho mai rassa, yana zaune a duwatsun yammacin Amurka da Kanada. Babban namiji yakan kai kilo 300 ko fiye, mace kuwa kilo 220 zuwa 240. Kolorado ta fi kowace jiha yawansu, wajen 280,000 zuwa 300,000. Lokacin barbararsu Satumba ne zuwa farkon Oktoba, abin yana kai ƙololuwa wajen 20 ga Satumba da 'yan kwanakin da ke biye. A lokacin ne maza ke wata irin kururuwa mai kama da busar sarewa wadda ke ƙarewa da gurnani, babban bijimi ya tara mata goma, ashirin ko fiye yana tsaronsu, ƙananan maza kuma suna ta kewaye garken daga nesa suna neman sa'a. A watan Satumba ne jihohi irin su Kolorado, Montana, Aidaho da Wayomin ke buɗe farautar baka.

To, me ya sa yake togewa? Kunnen elk ba ƙaramin abu ba ne. In ka busa kukan mace daga nisan rabin kilomita, ya san ɓangaren da kake, kusan ya san gindin itacen da kake tsaye. Sai ya taho har ya iso wurin da ya kamata a ce idonsa ya hango mai kukan. Nan zai ja birki. Dabba ce mai kilo 230 ta yi kuka a can, ga fili yana gani, amma babu kowa. Gani ya kori ji. Ƙari a kan haka, a ɗabi'arsu in namiji ya yi kururuwa ya nuna kansa, sau da yawa mace ce ke ƙarasowa wurinsa. Saboda haka tsayuwar da yake yi ba lallai tsoro ba ne, jira yake yi. In jiran ya yi tsawo babu wadda ta fito, sai zargi ya shiga, ko dai ya koma ko ya zagaya ya bi ta ƙarƙashin iska don hancinsa ya gaya masa gaskiya. Kai kuma baka ne a hannunka. Yawancin masu hankali ba sa sakin kibiya a kan elk in ya wuce yadi 40, wanda ya ƙware sosai ya kai 50. Wannan tazarar ta yadi 30 zuwa 40 da ta rage tsakanin inda ya toge da inda kibiyarka ke da iko, ita ce duk aikin macen bogi.

Kafin ma ka kashe ko dala ɗaya, akwai maganin da ba a saye. Ka daina busa daga wurin da za a hango ka daga nesa. Ka zaɓi wurin da sai bijimi ya shigo cikin yadi 30 kafin ya iya ganin inda kukan ya fito: bayan ɗan tudu, cikin itatuwa masu duhu, ko bayan kwanar wani kwari. A daji mai sarƙaƙiya irin na arewacin Aidaho ko yammacin Oregon, wannan kaɗai ya isa, macen bogi ma ba ta da wani amfani sosai domin ba za a gan ta ba sai an zo dab da ita. Inda take cin kuɗinta shi ne wurare masu ɗan sarari, kamar kurmin itatuwan asfen na Kolorado, gefen filayen ciyawa na kan dutse, wuraren da gobarar daji ta cinye, da tuddan Montana da Wayomin masu gajerun tsirrai. A irin waɗannan wurare ba ka da yadda za ka ɓoye tushen kukan, dole ka ba ido wani abu.

Iri biyu ne ake yawan gani. Akwai wadda ake kafawa a ƙasa: hoton mace ne na gaske da aka buga a jikin yadi, da siririn ƙarfe mai lanƙwasuwa a gefensa, ana naɗe ta ta koma kamar faifai a cusa a jaka, a buɗe ta cikin daƙiƙu, a soke da sanduna biyu. Kamfanin Montana Decoy ne ya yi suna da irin wannan tun shekarun 1990. Sai kuma wadda ake riƙewa a hannu ko a ɗaura a jikin baka, yawanci kai da wuya ne kawai, ko gaban dabbar da taga a tsakiya ta wucewar kibiya, irin na Heads Up Decoy da Ultimate Predator. Akwai masu cikakken jiki na roba, amma ka manta da su. Wanda ke hawan dutse a tsayin mita 3,000 inda numfashi ke gagara ba zai ɗauki wannan ba, balle in Allah ya ba da sa'a akwai nama kusan kilo 100 da za a sauko da shi a baya.

A cikin masu kafawa, ni na fi son wadda ke nuna mace ta ba da baya ko ta sunkuyar da kai tana kiwo. Dalili kuwa, a wurin elk dabbar da ta ɗaga kai ta ƙura ido ba ta motsi, dabba ce da ta ga abin tsoro. In bijimi ya yi minti biyu yana kallon mace ta kafe shi da ido ko kunne ba ta kaɗawa, jikinsa zai ba shi akwai matsala. Wadda ta ba da baya kuwa, ga farin gindin nan da suke gane juna da shi daga nesa, ba ta kula shi ba, kamar ma tafiya za ta yi. Wannan ya fi tsokano shi ya matso.

Yanzu ga inda yawancin mutane ke ɓata abin, wato wurin kafawa. Sabon maharbi yakan kafa macen a gabansa ko a gefensa, ya durƙusa kusa da ita. Ka ga ya jawo idon bijimi kai tsaye zuwa inda yake, kuma bijimin zai taho yana fuskantarsa da ƙirji, wanda shi ne mafi munin tsayuwa ga mai baka. Abin da kake so shi ne bijimi ya wuce ta gabanka a gicciye, idonsa na kan wani abu da ke can bayanka.

In ku biyu ne, abin ya zo da sauƙi, kuma gaskiya wannan dabara ta mutum biyu ce tun asali. Mai busa ya koma baya yadi 40 zuwa 70 da macen a hannunsa. Kai maharbi ka yi gaba, amma kada ka tsaya a kan layin da ya haɗa bijimi da mai busa, ka goce gefe kamar yadi 15 ko 20. Wane gefe? Gefen da iska ke kaɗawa zuwa gare shi. Bijimi kusan kullum yakan karkata ta ƙarƙashin iska yayin da yake matsowa, domin ya shinshino macen kafin ya iso. In kana can gefen, kuma ka fi hanyarsa nisa a ƙarƙashin iskar, zai ratsa tsakaninka da layin, warinka yana tafiya bayanka, ba ya zuwa gare shi. In ka tsaya a ɗaya gefen, iska za ta ɗauki warinka ta kai masa tun bai iso ba, sai dai ka ji ƙarar kofato da karyewar rassa.

Mai busa kuma kada ya kafa macen ya zauna. Amfanin riƙe ta a hannu shi ne rai da yake ba ta. Ya ɗan leƙo da ita daga bayan itace, bijimi ya hango, ya mayar da ita. Ya taka ƙasa, ya karya busasshen reshe, ya fizgi ciyawa, domin elk ba dabba ce mai tafiya shiru ba. In bijimi ya toge, mai busa ya ja da baya a hankali yana kukan mace ƙasa-ƙasa, yana nuna gindin macen jefi-jefi. Ganin mace tana tafiya ta bar shi ya fi kowace irin busa tayar masa da hankali. Ɗan gani kaɗan ya fi dogon kallo, domin in ya samu lokaci ya ƙare mata kallo zai gane hoto ne.

In kai kaɗai ne, sai ka yi aikin mutum biyu da ƙafarka. Ka kafa macen inda za a hango ta daga ɓangaren da kake sa ran zuwansa, ka yi busarka a nan kusa da ita, sa'an nan ka yi sauri ka matsa gaba yadi 25 zuwa 30, ka goce ta ƙarƙashin iska, ka yi tsit. Wannan shirun shi ne abu mafi wuya. Da ka sake busawa daga sabon wurin, ka gaya masa inda kake, macen ta tashi a banza. In dole ne ka yi kuka, ka juya bakin bututun busar baya, ko ka kare bakinka da hannu ka jefa sautin wajen macen.

Wasu ƙananan abubuwa da ke da nauyi. Hoton nan shafal yake, ba shi da kauri, in aka dube shi ta gefe sai ya ɓace, don haka ka fuskantar da faɗinsa inda bijimi zai ɓullo. Kada ka kafa shi a tsakiyar rana tsirara, yadin yakan yi ƙyalli, gara inuwa, da ɗan reshe ko ciyawa da ta rufe ƙafafun. Ka bar shi inda za a gan shi tun daga yadi 60 zuwa 100. Bijimin da ya zagayo kwana ya yi kiciɓis da mace a yadi 10 ba zato, zabura zai yi. Kai kuma ka durƙusa a gaban kurmi, ba a bayansa ba, domin kurmin ya haɗiye siffarka kuma rassa kada su tare kibiya. Ka share busassun ganye a ƙarƙashin gwiwarka, ka auna nisan itatuwa uku ko huɗu da na'urar auna nisa tun kafin ya iso, ka ɗana kibiya.

Sai iska, wadda ita ce uwar komai. Idon elk ana iya ruɗinsa, kunnensa ma haka, amma hancinsa ba a yi masa wayo. A dutse iska tana da ɗabi'ar da dole ka haddace: da asuba, kafin rana ta dumama ƙasa, iska mai sanyi tana gangarowa ƙasa, da hantsi in gangaren ya yi ɗumi sai ta juya ta riƙa hawa, da yamma in inuwa ta sauka ta sake gangarowa. Lokacin juyawar nan, wajen ƙarfe tara zuwa goma na safe gwargwadon inda gangaren ke fuskanta, iska takan yi ta wulwulawa ba alƙibla. A wannan sa'ar ko macen bogi goma ka kafa ba za su cece ka ba, gara ka ja baya ka jira ta daidaita. Ka riƙe 'yar kwalbar hoda ta gwajin iska, ka riƙa fesawa a kai a kai. Ita ma macen kada ka ajiye ta kusa da hayaƙin sansani ko abinci. Game da fitsarin mace da ake sayarwa a kwalba don shafawa, ka duba dokar jihar tukuna: saboda cutar nan mai cinye ƙwaƙwalwar barewa da elk, wadda aka fara ganowa a Kolorado a 1967, jihohi da dama sun hana ko sun taƙaita amfani da fitsari na gaske. Ni ban ga ma buƙatarsa ba, domin bijimin da ya kai inda zai shinshini macen ya riga ya wuce inda ya kamata ka harbe shi.

Ka kuma san wanda kake yi wa tallan. Babban bijimi mai garke ba ya barin mata ashirin don ya je wurin guda ɗaya da ya hango a nesa. Iyakarsa ya yi mata kururuwa ta zo, in ba ta zo ba ya kora matansa ya yi gaba. Wanda macen bogi ke kamawa shi ne ƙananan mazan nan masu kewaye, 'yan shekara biyu zuwa huɗu, da kuma manyan da ba su tara mata ba tukuna a farkon Satumba. Kada ka raina su. A farautar baka a filayen gwamnati, wajen mutum ɗaya cikin goma ne ke komawa gida da nama a shekara, kuma naman ƙaramin ya fi taushi. In kuwa mai garken kake so, sai ka lallaɓa ka shiga cikin yadi 100 ko ƙasa da haka, sa'an nan ka nuna masa mace tare da kururuwar ƙaramin namiji, ya ga kamar wani ya sace masa mata. A nan haɗarin shi ne idanun matan, musamman tsohuwar da ke jan garke. Ita ba sha'awa ke ɗibarta ba, za ta zo ta duba baƙuwar, in ta ga ba ta motsi ta yi haushi guda ɗaya mai kaifi, shi ke nan dutsen ya watse.

Wadda ake ɗaurawa a baka kuwa, duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san asalin dabarar. Maharbanmu na dā suna ɗaura kan burtu a goshi, su rufa da baƙin zane, su sunkuya suna tafiya suna caccakar ƙasa kamar tsuntsun, har su isa kusa da gada ko barewa. Abin da ke sa dabarar ta ci ba kyan sassaƙar ba ne, iya kwaikwayon tafiyar ne. Haka yake a nan. In za ka ratsa fili a bayan hoton mace, kada ka miƙe ɗoɗar zuwa wurin garke. Ka yi 'yan taku, ka tsaya, ka karkata, ka sunkuya kamar mai kiwo, ka bar lokaci ya wuce. Tana da wani amfanin kuma: in ka yi karo da elk ba shiri, ɗaga ta kan saya maka daƙiƙa biyar ko goma, wanda ya isa a ja baka. Aibinta shi ne iska tana kama ta tana girgiza maka hannu, kuma bijimi yana zuwa yana kallonka ido cikin ido, ƙirji gaba. In za ka yi amfani da ita, ka yi ta gwajin harbi da ita a ɗaure tun a gida, har da ranar da ake iska.

A nan dole in yi maka magana da babbar murya, ƙanena. Duk wanda ya ɗauki hoton elk a daji ya mai da kansa abin harbi. A Kolorado farautar baka tana gudana daga 2 zuwa 30 ga Satumba, kuma a tsakiyarta akwai kwana tara da ake buɗe wa masu bindigar ɗuri, irin ta toka amma ta zamani, wadda ke kashewa daga yadi 100 da fiye. Doka ta tilasta musu sa tufa mai ruwan lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli, amma ba ta tilasta wa mai baka ba. A Satumbar 2021, a dajin gwamnati na San Juan, wani mai irin wannan bindiga ya harbe wani maharbin baka har lahira, ya zaci elk ne. Saboda haka a waɗannan kwanaki tara, a filin gwamnati, ni ba na ɗaura mace a baka, ba na kuma zama a bayan wadda aka kafa, kai ma kada ka yi. Ka sa hular ruwan lemo. Idon elk ba ya rarrabe wannan launi yadda namu ke yi, shuɗi da rawaya ya fi gani, motsi ne ke tona maka asiri. Ko a sauran kwanakin, in za ka tashi daga wuri ka naɗe macen ka sa a jaka, kada ka rataya ta a baya kana tafiya. In ka hango wani maharbi yana lallaɓowa wajen macenka, kada ka ɗaga hannu ko ka motsa, ka yi magana da ƙarfi da muryar mutum.

Ba mutane kaɗai ke amsa kukan mace ba. Zakin dutse da baƙar beyar suna zuwa, kuma shiru suke zuwa. In wata rana farauta ta kai ka kewayen gandun dajin Yellowstone, a Montana, Wayomin ko gabashin Aidaho, can akwai babbar beyar girizili. A Satumbar 2019 ta raunata mafarauta da dama cikin 'yan kwanaki a duwatsun Gravelly na Montana. A irin wannan ƙasa barkonon fesa na beyar yana ɗaure a ƙirji ko a ƙugu inda hannu zai kai nan take, kuma mai busa yana zama ne inda yake ganin bayansa.

Ta fuskar doka, hoton da ba ya amfani da lantarki halal ne a farautar elk a jihohin da na ambata, amma na'urar busa mai batir da zuba abinci don jawo dabba haramun ne a Kolorado. Dokoki suna canzawa, don haka ka karanta littafin hukumar kula da namun daji na shekarar da kake ciki, daga farko har ƙarshe.

In komai ya tafi daidai, ga yadda ƙarshen yake. Bijimi yana tahowa, idonsa na kan macen. Kada ka ja baka yana fili, ka bari kansa ya shiga bayan itace. In ya fito a gicciye, ka yi ɗan kukan mace guda da abin busar da ke ganɗarka, zai tsaya cak ya waiwayo. Shi ya sa nake matsa wa kowa ya koyi busa da na cikin baki, domin hannuwanka biyu suna kan baka. Ka bi layin ƙafar gaba ka hau kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin jiki, ɗan baya kaɗan da kafaɗa, ka yi bisimilla ka saki. Huhu biyu kake nema. In ya tsaya yana fuskantarka, ko kafaɗarsa ta rufe wurin, ka haƙura ko da yadi 15 ne. Ƙashin kafaɗar elk yana tsayar da kibiya, kuma dabbar da ta tafi da rauni ta mutu a inda ba za ka same ta ba abu ne da bai kamata maharbi ya ɗauka da sauƙi ba. Kolorado ta yarda da baka mai nauyin ja laba 35, amma ga dabba mai wannan girma ka nemi 50 zuwa 60 in kafaɗarka za ta ɗauka, da kibiya mai nauyi da kai mai kaifin aska. Bayan harbi ka sake kukan mace sau biyu ko uku, sau da yawa yakan rage gudu ya tsaya, wani lokaci ma ya waiwayi macen. Ka ba shi aƙalla rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin ka bi jini, in kuma kana zargin kibiyar ta yi baya ta sami hanta ko tumbi, sai ka ƙara sa'o'i.

Game da saye, ka fara da guda ɗaya mai naɗewa, mai nuna gindi ko kiwo. Ka ajiye ta a aljihun waje na jakarka inda za ka zaro ta ba tare da ka sauke kaya ba, domin bijimi mai zafi yakan cinye yadi 200 cikin minti ɗaya ko biyu, kuma in ya riga ya taho gara ka bar ta a jaka ka nemi wurin durƙusawa. Kafin Satumba ka ɗauki abokin da za ku yi farautar tare ku je wani fili mai itatuwa, ɗaya ya zama bijimi ya taho daga yadi 100, ɗaya ya kafa macen ya ɓuya, ku yi ta musanya har kowannenku ya ga da idonsa daga ina ake hango ta, daga ina take ɓacewa, da kuma inda maharbi ke fitowa fili.